Tukunya Mai Wuya Uku

Ƙarfe biyun dare a ɗakin gwaji.
Damagaram ta yi barci,
duwatsun Birni na amayar da zafin da suka sha da rana,
ni kuwa ina gadin tukunyar gilashi mai wuya uku.

Ma'aunin zafi ya hau ɗari biyu da arba'in.
Na yi bisimilla, na soka allura,
ruwan sanyi ya faɗa cikin mai ƙuna.
Kafin ƙiftawar ido an yi haihuwa,
dubu sau dubu sau dubu,
ba guɗa, ba ungozoma, ba wanda ya gani.

Ranar farko Malama Zuwaira ta ce mini:
"Ka jera dubu goma kafaɗa da kafaɗa,
ba za su kai kaurin gashin girarka ba."
Na ce, to da me za mu san sun zo?
Ta ce, "Da launi.
Ƙarami ya yi kore, ya ƙara ƙiba ya yi ja.
Jini ɗaya, ƙashi ɗaya,
girma kaɗai ke sauya musu murya."

Sau bakwai ina ɓatawa.
Ran Talata lantarki ya ɗauke ana tsakiyar dahuwa,
na zubar da wani abu mai kama da ruwan majema.
Ran Alhamis na tsaya amsa waya,
manya suka cinye ƙanana.
Haka suke, in an ba su lokaci:
ƙaramin ya narke, babban ya ƙara tumbi,
kamar dai a Kasuwar Dole.

Kakata Yagana ta dafa gishiri a ƙasar Manga.
Ta tace ƙasa, ta jera tukwane,
ta zauna bakin murhu har idonta ya ci hayaƙi.
Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba,
amma ta san lokacin da ruwa ke gajiya da kayansa,
ya sauke su fari fat a gindin tukunya.
Takan ce: wuta ta yi yawa ya zama gari,
ta yi kaɗan ya ƙi zuwa.
Ita tana roƙon nata ya girma.
Ni aikina in ce wa nawa: tsaya nan.

Akwai wani mai, ɗan'uwan man gyaɗa,
shi ke yi wa kowace ƙwaya riga,
kada ta manne wa maƙwabciyarta.

Daƙiƙa goma, na ɗiba.
Talatin, na ɗiba.
Minti ɗaya. Biyu. Huɗu.
Hannuna na rawa cikin safar roba,
gumi ya taru a yatsuna.
Na janye wuta.

Fitilarmu ta mutu tun bara,
takardar neman sabuwa na Yamai tana hutawa.
Wannan ta Sallau mai canji ce,
da ita yake kama jika goma ta jabu.
Na kashe ƙwan ɗaki, na kunna ta.

Kwalabe biyar, kowace bai fi ɗan yatsa ba.
Kore irin na ɗanyen lemo.
Wani kore mai neman rawaya.
Rawaya.
Ruwan goro.
Na ƙarshe ja, jan garwashin da aka hura.

Na tsaya. Ban kira kowa ba, ba kowa.
Ƙadangare kawai a bango, shi ma bai kula ba.

An ce wata rana irinsu za su kama rana a kan rufi,
ko su nuna wa likita inda ciwo ya ɓuya.
Ban sani ba. Abin da na sani
na rubuta a littafi: zafi, lokaci, launi,
da kuskuren da ban maimaita ba.

Ladan ya yi kiran farko daga Zango.
Famfo har yanzu iska yake hurawa,
sai ɗan ga-ruwa ya zo zan wanke gilashi.
Da hantsi in mayar wa Sallau fitilarsa.
Zai ɗaga kwalbar a rana, ya karkata kai,
ya ce, "Wannan ruwan shayin ka kwana kana dafawa?"